Mai Kau Da Kai

"Wallahi muddin ni ne babba a gidan nan, mai jan waya ba zai auri ƙanwata ba!"

Yaya ne yake wannan rantsuwa, yana tsaye ƙiƙam a tsakiyar falo, makullin mota a hannunsa sai kaɗa shi yake. Ko takalmi bai cire ba, abin da Umma ta tsana a rayuwarta, amma yau ba ta ce masa uffan ba.

Auta tana zaune a ƙasa kusa da ƙafafun mahaifiyarsu, littattafan ɗalibanta da ta kawo gida za ta duba suna zube a gabanta. 

"Yaya, ba mai jan waya ba ne. Injiniya ne, shi yake kula da..."

"Rufe min baki! Ni za ki faɗa wa aikinsa? Kamfani ɗaya muke fa. Ni ina sama ina shugabantar sashen ciniki, shi yana can ƙasa a wani ɗaki mai sanyi kamar firji, ko taga babu. In kin gan shi a sama to yana kan tsani ne, kansa cikin silin, ƙura har cikin hanci. Shi ne za ki ce min miji? Ga Akanta, abokina, mutum mai ofis da kujera, kullum sai ya zo ya gaishe da Umma, ke ko kallon arziki ba kya yi masa."

"Ni ba na son Akanta."

"Ai dama ba ki san abin so ba."

Gaskiyar magana, duk kwamfutar da ke kamfanin nan, tun daga ta mai karɓar baƙi har ta shugaba, Injiniya ne ya haɗa su suke magana da juna. Shi yake buɗe wa sabon ma'aikaci akwatin imel, shi yake rufewa ranar da mutum ya bar aiki, shi yake ajiye kwafin komai don kada a wayi gari a rasa. In netwok yana tafiya lafiya babu mai tunawa da shi. In ya tsaya kuwa, sai ka rantse shi ya kashe shi da gangan, don kowa sunansa yake kira da masifa. Auta ta sha yi musu wannan bayani har bakinta ya gaji, amma wa zai saurare ta?

"Kuma na ji wai ranar Asabar iyayensa za su zo," Yaya ya ƙara da cewa. "Su zo ɗin mana. Za su tarar da ƙofa a garƙame."

Auta ta ɗago kai da sauri. Maganar Asabar ɗin nan Umma kaɗai ta faɗa wa, ita ma ba baki da baki ba, kunya ta hana ta, saƙon murya ta tura mata daga makaranta. Ta dubi Umma idonta cike da ƙwalla. Umma ma ta harare ta. Kowaccensu ta ɗauka ɗayar ce ta kai masa labari.

Bayan ya buga ƙofa ya fita, Auta ta rarrafa ta kama gefen zanin mahaifiyarta.

"Umma, ki sa baki. Don Allah ki sa baki. Tun rasuwar Baba kin bar wa Yaya komai, amma wannan rayuwata ce."

Umma ta janye zaninta.

"In sa baki a kan wa? A kan yaron da ya kau min da kai?"

"Umma, ai na yi miki bayani..."

"Ki riƙe bayaninki."

To, wannan shi ne tushen abin. Umma mace ce mai tsananin kishin wayarta. A ciki take hira da 'yan'uwanta mata, a ciki take kai kuka take karɓar kuka, kuma lambar sirrinta babu wanda ta taɓa faɗa wa, ko 'ya'yan da ta haifa. Ranar da Injiniya ya fara zuwa gaishe ta, wayar tana ta ba ta wahala, sai ta miƙa masa ya duba. Yaron ya burge ta, ga ladabi ga natsuwa, har ta ji a ranta ta samu ɗa. Don haka ta buɗe baki za ta faɗa masa lambar, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Shi kuwa sai ya yi wuf ya katse ta. "A'a Umma, kada ki faɗa min. Ki saka da kanki." Ya mayar mata da wayar, ya juya fuskarsa ga bango, ya bar ta da kallon ƙeyarsa.

Umma ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Tana magana a katse ta? Ta miƙa amana a kau mata da kai? Tun daga ranar ba ta sake kiransa da komai ba sai "mai kau da kan nan".

"Haka aikinsu yake, Umma," Auta ta ce tana shessheƙa. "Ko shugaban kamfaninsu ne zai saka lamba, sai ya juya masa baya. Ya zame masa jiki ne, ba raini ba ne."

"Ni ba shugaban kamfani ba ce. Uwa ce ni. Tashi ki ba ni wuri."

*

Washegari da hantsi Injiniya yana durƙushe a bayan wani dogon akwatin ƙarfe a ɗakin saba, inda manyan na'urorin kamfanin suke jere suna ta ƙyafta ƙananan fitilu. Wata waya ce ta yi sako-sako yake nema cikin 'yan'uwanta. Sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Ya je ya buɗe. Yaya ne, kuma murmushi yake, har haƙoransa a waje.

"Surukina! Ashe nan kake ɓuya? Kai, wannan sanyi ai sai ya kama maka ƙirji."

Surukina? Mutumin da ko amsa gaisuwarsa ba ya yi a farfajiya? Injiniya ya goge hannunsa a jikin wando, ya rusuna.

"Barka da hantsi, Yallaɓai. Wani abu ne ya samu kwamfutarka?"

"Wane irin Yallaɓai kuma? Yaya za ka ce." Ya kutsa kai ciki ba tare da an ce ya shigo ba, ya mayar da ƙofa. "Na yi tunani ne jiya. Na ga na matsa muku da yawa. Yarinyar nan tana son ka, ni mene ne nawa? Asabar iyayenka su zo, ni da kaina zan tarbe su a bakin ƙofa."

Injiniya ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya fara jero godiya.

"Dakata mana," Yaya ya ce, ya dafa kafaɗarsa. "Tunda mun zama ɗaya, akwai ɗan taimakon da za ka yi min. Ka san kujerar mataimakin shugaba za a cike ta kwanan nan. Ni ne da matar nan, shugabar sashen kaya. Na tabbata tana rubuta wa na sama ƙarya a kaina. So nake in ga abin da take rubutawa. Buɗe min akwatin imel ɗinta kawai za ka yi, in leƙa, ka rufe. Shi ke nan."

Murnar ta gudu daga fuskar Injiniya.

"Yaya, wannan ba zai yiwu ba."

"Ba za ka iya ba? Ai an ce makullin kowa yana hannunka."

"Zan iya. Ba zan yi ba ne."

"Me ka ce?"

"Ba a buɗe akwatin mutum sai da umarnin shugaban kamfani, shi ma sai da dalili, kuma a gaban shaida. In kana da ƙorafi a kanta, ka kai sama. In suka ce in buɗe, a gabanka zan buɗe."

Yaya ya janye hannunsa daga kafaɗar kamar ya taɓa ƙazanta.

"Kai, ni za ka karanta wa doka? Sata na ce ka yi? Kallo ne fa kawai! Wa zai sani?"

"Yaya, aikin nan ba wayoyin nan ba ne, wayoyi kowa zai iya koya. Abin da ya sa aka ba ni ɗakin nan shi ne an yarda ba zan leƙa ba. Ranar da na leƙa na gama, ba a nan kaɗai ba, duk inda na je neman aiki labarin zai riga ni isa. Ka roƙe ni wani abin, wallahi ko mene ne."

"Ba na roƙo, yaro. Dama ce na ba ka." Ya gyara wuyan rigarsa, ya buɗe ƙofa. "Ka zauna da na'urorinka, su haifa maka 'ya'ya."

*

Ko gida Auta ba ta koma ba da aka tashi daga makaranta. Yaya ya kira ta a waya, muryarsa a sanyaye kamar mai tausayinta, ya ce shi fa ya sauko, ya ma amince, ɗan abu kaɗan ya nema a wurin mutumin nata don ya gwada shi, amma Injiniya ya ce ba zai yi ba. "Je ki tambaye shi da kanki ki ji matsayinki a wurinsa."

A wurin ajiye motocin kamfanin ta tsaya, ƙarƙashin rumfar kwano, ta kira Injiniya. Ya fito da sauri, katin aiki na lilo a wuyansa, hannunsa ɗaya riƙe da ƙunshin waya shuɗiya.

"Malama, lafiya? Me ya samu idonki?"

"Me Yaya ya roƙe ka?"

Ya dubi ƙasa.

"Magana nake maka!"

"Tsakanina da shi ne. Ba na son in ɓata shi a wurinki."

"Au, shi kake karewa? Ni ce zan rasa ka, ni ce nake kwana kuka, amma ba ni da ikon in san dalili?"

Da ya ga ta fara jan hankalin masu wucewa, dole ya faɗa mata, a taƙaice, yana magana ƙasa-ƙasa. Ta saurara har ya gama. Ta san abin ba daidai ba ne, wallahi ta sani, malama ce ita, kullum tana hana yara leƙen littafin juna. Amma wanda ya ga ƙofar da ya daɗe yana bugawa ta buɗe, ba ya tsayawa dogon tunani.

"Shi ke nan abin?" ta ce. "Ka buɗe ya leƙa ka rufe?"

"Malama..."

"Matar nan 'yar'uwarka ce? Ka san ta ne? In ba ta rubuta komai ba ai babu abin da zai gani. In ta rubuta kuma ita ta jawo. Don Allah, Injiniya, don girman Allah. Sau ɗaya ne. Babu wanda zai sani."

"Ni zan sani. Ke ma za ki sani."

"Ni na yafe!"

"Yau kin yafe. Amma ki bari a yi auren, wata rana mu sami saɓani, ki bar wayarki a kan gado ki shiga wanka. Me zai faɗo miki a rai? Za ki tuna mijinki ya taɓa buɗe akwatin wata don ya sami abin da yake so. Daga ranar ba za ki sake barin wayarki kusa da ni ba, kuma ba zan ga laifinki ba."

Hawaye suka ɓalle mata gaba ɗaya.

"Kai dai ka iya tsara magana. Ina auren yake, balle a yi saɓanin? Kana min zancen gadon da ba za mu taɓa kaiwa gare shi ba! Umma ta juya maka baya, Yaya ya rantse, Akanta kullum yana falonmu ya baje kamar gidan ubansa. Ni kaɗai nake faɗan nan, ni kaɗai! An ba ka hanya ɗaya tak, ka tsaya kana min wa'azi."

"Ki yi haƙuri. Zan je wurin Umma da kaina, zan durƙusa..."

"Ka je ka sake kau mata da kai?"

Maganar ta soke shi, ta gani a fuskarsa, kuma a lokacin daɗi ta ji. Kafin ya ce wani abu wayarsa ta hau ruri. Ya duba, ya kashe. Ta sake ɗauka. Ya sake dubawa, ya cije leɓe.

"Netwok ne ya tsaya a sashen biyan albashi. In ban je ba..."

Auta ta yi wata irin dariya mai ɗaci, ta share fuska da gefen mayafinta.

"Je ka mana. Uwargidanka ce take kira, kada ta yi fushi. Ni wace ce?"

Ta juya ta tafi. Yana kiran ta, ko waiwaye ba ta yi ba, shi ma bai biyo ta ba, don wayar ba ta daina ruri ba. Wannan rashin biyowar ya fi komai ƙona mata rai, har ta isa gida tana jin zafinsa a ƙirji.

*

Ana gobe Asabar da yamma Injiniya ya yi sallama a ƙofar gidan su Auta. Bai san Yaya ya riga shi ba, bai kuma san Akanta ma yana nan, ya harɗe a kujerar da Baba yake zama kafin ya rasu, ƙamshin turarensa ya cika falon har yana hawa kai.

Umma ta amsa sallamar a daƙile. Ya cire takalmi, ya shigo ya durƙusa nesa da ita. Auta tana tsaye a ƙofar kicin, idanunta sun kumbura, ta ƙi yarda su haɗa ido.

"Umma, kun wuni lafiya? Na zo ne in ba ki haƙuri, in akwai abin da na yi..."

"A'a, ka ga ɗan halak!" Yaya ya katse shi yana tafa hannu. "Yanzu muke zancenka. Umma, gara da ya kawo kansa. Ki tambaye shi mene ne aikinsa na gaskiya. Leƙe! Duk saƙon da ma'aikaci ya tura a kamfaninmu ta hannunsa yake bi. Yana zaune a ɗakin nan shi kaɗai ya kulle ƙofa yana karanta asirin mutane. Ƙarya na yi, Akanta?"

Akanta ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"To, ni dai ba na son shiga maganar iyali. Amma kowa a ofis yana taka-tsantsan da shi. Mutumin da yake riƙe da makullin kowa ai abin tsoro ne, Umma."

"Kin ji ko? Irin wannan za ki ba wa 'yarki? Ya riƙa bin diddiginta, ba ta da sirri ko na numfashi? Ke kanki ranar da kika miƙa masa wayarki, Allah kaɗai ya san abin da ya kwasa."

Umma ta jawo wayarta daga hannun kujera ta ɗora a cinya, ta dafe ta da tafin hannu. Ta kafe Injiniya da ido.

"Gaskiya ne kana iya karanta saƙon mutane?"

"Ina iyawa, Umma."

"Kana karantawa?"

"Ban taɓa ba."

"To ai ɓarawo ma haka yake cewa," in ji Yaya.

Auta ta jira ya faɗa. Ta jira ya ce ga abin da Yaya ya nema a wurinsa. Ta zuba masa ido, a ranta tana cewa faɗi mana, faɗi! Amma bawan Allahn nan sai ya sunkuyar da kai ya yi gum, ana yanka shi yana rufa wa mai wuƙar asiri. Haushinsa da sonsa suka haɗe mata wuri ɗaya.

"Ƙarya ne!" Muryarta ta fashe har ita kanta ta tsorata. "Wallahi ƙarya ne, Umma! Yaya ne ya je har ɗakin aikinsa ya ce ya buɗe masa akwatin wata mata ya karanta, in ya yi zai ba shi ni. Ya ƙi. Ni ma na je na roƙe shi ina kuka, ya ƙi. Shi ne laifinsa!"

"Ke! Ni kike yi wa ƙazafi a gaban baƙo?" Yaya ya yi kanta kamar zai kai mata mari. "Kin ga abin da nake faɗa, Umma? Tun bai aure ta ba ya koya mata raina na gaba da ita."

"Auta, shiga ciki," Umma ta ce a tsawace. "Yayanki ne. Ba a gidana za ki ƙaryata shi ba."

"Umma..."

"Na ce ki shiga ciki!"

Auta ba ta shiga ba. Ta sulale a jikin ƙofa ta zauna tana kuka mai cin rai. Shi ke nan, an gama. Ta san Umma, in ta tsaya a bayan ɗanta na fari babu mai matsar da ita.

Yaya ya ga ya yi nasara, sai ya so ya ɗaure maganar tamau.

"Yanzu zan kira Kawu in ce masa babu wani taro gobe, kada ma ya wahalar da kansa. Kawo wayarki, Umma, in ya ga lambata ba ya ɗauka da wuri."

Bai jira ta miƙa ba, ya zare wayar daga ƙarƙashin hannunta. Babban yatsansa ya bi ta kan gilashin, taf taf taf taf, ko tsayawa tunani bai yi ba. Wayar ta buɗe. Ya shiga neman sunan Kawu yana ci gaba da faɗa.

"Dama tun farko ni na san..."

"Babba."

Umma ce ta kira shi da sunan da ta saba kiransa. Ba tsawa ta yi ba, a hankali ta faɗa.

"Na'am, Umma?"

"Wa ya ba ka lambar sirrina?"

Yatsansa ya tsaya cak. Ya dubi wayar, ya dubi mahaifiyarsa, ya yi wani guntun murmushi.

"Haba Umma, wace irin tambaya ce wannan? Ai... gani na yi kina sakawa."

"Ka gani."

"To ai ni ɗanki ne."

"Shi ya sa ban taɓa kare hannuna a gabanka ba." Ta miƙa tafin hannunta. "Ba ni."

Ya miƙa mata. Ta riƙe wayar tana kallonta kamar yau ta fara ganinta. Can ta juya wajen Auta.

"Ke, maganar zuwan iyayensa ranar Asabar, ke kika faɗa wa yayanki?"

Auta ta girgiza kai tana jan hanci. "Ni na ɗauka ke ce, Umma."

"Ni ban faɗa wa kowa ba."

Su biyun suka juya suka dubi Yaya. Akanta ya hau duba agogon hannunsa, ya ce ai shi ya tuna yana da wani uzuri, ya lallaɓa ya nemi takalmansa. Ko kallonsa ba a yi ba.

"Umma, don kare ku nake yi," Yaya ya ce, muryarsa ta fara hawa. "Ni ne namiji a gidan nan! Dole in san abin da yake faruwa. In ban duba ba wa zai duba?"

"Har da hirata da ƙannena? Har da abin da na faɗa wa yayata ranar da kewar mahaifinku ta hana ni sukuni? Duk ka saurara?" Idanunta suka kawo ruwa, ta mayar da shi da ƙarfin hali, don Umma ba ta kuka a gaban yara. "Ni na haife ka, Babba. Da ka tambaye ni, wataƙila da na faɗa maka."

Ya tsaya yana huci.

Umma ta juya ga wanda yake durƙushe har yanzu, kansa a ƙasa kamar shi aka kama.

"Kai. Ana canza lambar nan?"

"Ana canzawa, Umma."

"Matso ka nuna min."

Ya matso da gwiwoyinsa. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya taɓa nan ya taɓa can, ya kai ta daidai wurin, ya mayar mata.

"Ki saka tsohuwar tukuna, sai ki saka sabuwa sau biyu. Kada ki sa shekarar haihuwar kowa."

Yana gama faɗa ya juya fuskarsa ga bango. Bai yi don a gani ba, wallahi ko tunani bai yi ba, jikinsa ne kawai ya yi abin da ya saba.

Umma ta daɗe tana kallon ƙeyar nan, ƙeyar da ta hana ta sakewa da shi tun ranar farko. Sannan ta ɗaga kai. Yaya yana tsaye a kanta, idonsa a kan gilashin wayar.

"Kai ma kau da kai," ta ce.

"Umma! Ni? A gaban wannan?"

"Kau da kai, ko ka fita."

Ya fizgi makullin motarsa daga kan tebur. A bakin ƙofa ya tsaya ya nuna bayan Injiniya da yatsa.

"Kai kuma za mu haɗu a ofis. In ban sa an raba ka da ɗakin nan naka ba, ka canza min suna!"

Ya buga ƙofar har labule ya yi sama. Injiniya ya ji shi sarai, kafaɗunsa sun ɗan motsa, amma bai juyo ba.

Umma ta saka lambarta a natse, da yatsa ɗaya, tana motsa leɓe. Da ta gama ta nemo sunan ƙaninta da kanta, ta kara wayar a kunne.

"Kawun yara? Gobe ka zo da wuri, muna da baƙi. A'a, ba Babba ba, ni ce nake gayyatarka. Ni zan buɗe musu ƙofa."

Auta ta toshe bakinta da mayafi, kukan ya ƙi tsayawa, sai dai wannan ba irin na ɗazu ba ne.

Umma ta ajiye wayar a hannun kujera. Sai a lokacin ta lura bawan Allah yana nan yadda yake, hancinsa na kallon bango, don babu wanda ya ce masa an gama. Ta goge gefen idonta da bakin zani.

"Juyo, ɗana," ta ce. "Na gama."